Tulu da Randa a Bakin Kwara: Tarihin Ginin Tukwane a Ƙasar Bagudo

Ginin tukwane na cikin sana'o'in da suka riga sarauta da kasuwa da iyaka zama a kwarin kogin Kwara. A ƙasar Bagudo, can kudu maso yammacin Jihar Kebbi, inda kogin ke shigowa Nijeriya bayan ya raba Nijar da Benin, asalin tukunyar ƙasa ɗaya ne ko a gidan wa aka same ta: da hannu ake gina ta, ba a ɗora ta a kan injin juyi, ba a shafa mata ruwan ƙyalli irin na tangaran, kuma da itace da kara da ciyawa ake toya ta a fili. Busawan Illo da Fulanin Ka'oje da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Hausawa kowa da harshensa, amma ruwan da suka sha shekara da shekaru a cikin irin wannan tukunya ya kwana.

Afirka ta Yamma na daga cikin wuraren da ɗan Adam ya fara toya yumɓu. A Unjugu, cikin ƙasar Dogon ta Mali, an tono tsingaron da ya haura shekara 11,000. A Nijeriya kuwa sunan Nok ne ya fi fita, tun da masu haƙar kuza suka ci karo da sassaken gasasshen yumɓu a 1928. Amma shaidar da ta fi kusa da Bagudo a wurare biyu take, ɗaya ta gangaren kogi, ɗaya ta samansa. Lokacin da ake gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, masu binciken kayan tarihi sun yi gaggawar tono wuraren da ruwa zai ci, sai a kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri suka samo tukwane da ƙananan siffofi na yumɓu waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu tun daga ƙarnonin farko na Miladiyya har wajen ƙarni na 7.

Wuri na biyu shi ne Birnin Lafiya, a ƙasar Dendi ta arewacin Benin, gaba da Malanville kaɗan. Tun daga 2011 wata tawaga ƙarƙashin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia a Ingila, tare da masana na Jami'ar Abomey-Calavi ta Benin, ta yi shekaru tana tono wani babban tudu da ke bayan garin, wanda faɗinsa ya haura hekta 20. Tudun kufai ne: mutane sun zauna a kansa daga wajen ƙarni na 4 zuwa na 13, gini a kan gini, har ƙasa ta tashi. Abin da ya fi yawa a cikinsa tsingaro ne, dubbai a kan dubbai, mai ɗauke da zanen igiyar da aka murza a jikin yumɓu tun yana ɗanye. An kuma tarar da ɗakunan da aka yi wa daɓe da fasassun tukwane, an jera su a tsanake kamar yadda ake shimfiɗa tayil a yau. Mutanen da tukunya ta yi musu yawa har suna daɓe da ɓaraguzanta, lallai sana'ar ta daɗe da kafuwa a cikinsu. Wannan kuwa ya faru ɗaruruwan shekaru kafin Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Birnin Lafiya da Illo duk a gefe ɗaya na kogin suke, yanayin ƙasarsu ɗaya, fadamarsu ɗaya.

Fadamar ce tushen aikin. Da rani, bayan ambaliya ta janye, ake haƙo yumɓu a ramukan da magina suka sani tun kakanni. A mafi yawan garuruwan wannan yanki mata ne ke gini, uwa ta koya wa 'yarta ko surukarta, saɓanin wasu sassan Kano da Katsina da Zazzau inda maza ma suka riƙe sana'ar. Yumɓu zalla ba ya ginuwa, don yana tsagewa wurin bushewa, ya fashe a wuta. Saboda haka sai a shanya shi, a daka, a jiƙa, a haɗa shi da garin tsingaro, wato tsohuwar tukunyar da aka daka ta yi laushi, wani lokaci da ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayin gero ko busasshen kashin jaki. Ana cuɗa shi da ƙafa har ya haɗe. Maginiya ba ta da ma'auni sai tafin hannunta, da shi take gane ko haɗin ya yi.

Hanyoyin tayar da tukunya guda biyu ne suka fi yaɗuwa daga ƙasar Zabarma har ƙasar Hausa. A ta farko, ana kife tsohuwar tukunya, a barbaɗa mata toka don kada sabon yumɓu ya manne, a shimfiɗa curi a gindinta, a yi ta daddaɓawa har ya lulluɓe rabinta, in ya sha iska a cire a juyo shi. A ta biyu, ana yin ɗan rami mai kama da cikin ƙwarya, a shimfiɗa tabarma a kai, a sa curin yumɓu, a riƙa bugun cikinsa da dunƙulen gasasshen yumɓu mai kama da kan taɓarya, ana juya shi da ɗaya hannun, har ya buɗe ya zama ƙwallo mai siririn jiki. Irin wannan tukunya takan fito da sawun tabarma a bayanta. Daga nan sai kafaɗa da wuya: a murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, a ɗora zagaye bisa zagaye, a shafe, a gyara baki da jiƙaƙƙen tsumma ko ganye. Olivier Gosselain, masani ɗan Beljiyam da ya daɗe yana bin magina a Nijar da Dendi, ya nuna cewa ado da siffa suna saurin yaɗuwa ta kasuwa, don kowa na iya gani ya kwaikwaya, amma yadda hannu ke tayar da tukunya ba ya sauyawa da sauƙi, yana bin wadda ta koyar. Da wannan ake iya bin sawun aure da ƙaura da bauta a jikin tukwane.

Ado ba shi da yawa, amma yana da ma'ana ga mai bincike. Ana murza igiya ko totuwar masara a kafaɗar tulu, ana shafa jar ƙasa, ana goge jiki da dutse mai sulɓi ko da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har ya yi sheƙi. Masara baƙuwa ce, daga Amurka ta zo bayan jiragen Turawan Fotugal sun fara zuwa gaɓar teku, don haka duk tsingaron da aka ga sawun totuwa a jikinsa an san bai wuce kimanin shekara 500 ba.

Ranar toyi ita ce ranar fargaba. A matoya, bayan gari, ake shimfiɗa itace da kara, a jera busassun tukwane a kife, manya a ƙasa ƙanana a sama, a lulluɓe da ciyawa da kashin shanu da manyan tsingaro, a sa wuta da yamma ko da asuba lokacin da iska ta kwanta. Wutar takan kai digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas, kuma cikin awa ɗaya zuwa 'yan awoyi an gama. Inda iska ta ratsa sai tukunya ta fito ja, inda toka da hayaƙi suka danne ta sai ta yi baƙin tabo, shi ya sa ba a samun tulu biyu masu kama ɗaya sak. Wadda za a yi girki da ita akan jawo ta da sanda tana da zafi, a yayyafa mata ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, ko na bagaruwa, ta yi baƙi, jikinta ya toshe. Mai saye a kasuwa takan ƙwanƙwasa ta da yatsa: in ta yi amo ta toyu, in ta yi shiru akwai tsaga.

Wanda ya saba da tangaran yakan ɗauka rashin ƙyalli da ƙarancin wuta gazawa ce. Kuskure ne babba. Jikin tulun da ba a toshe ba cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafi tare. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin wannan yanki ke haura digiri 40, randar da ke inuwa a kan yashi mai laima ita ce firjin gida, ba ta neman lantarki. Da an toya ta da wutar tangaran ko an shafe ta da ƙyalli, da ruwanta ya yi ɗumi kamar na jarka. Haka tukunyar miya: garin tsingaron da ke jikinta da sassaucin toyinta su ke sa ta jure harshen wuta a kan murhu ba ta tsage ba, alhali farantin tangaran ba zai kai ko'ina ba. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa wanda ya fito daga gidan magina, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Kowane aiki da tukunyarsa, kuma yawan sunayen ya isa shaida. Tulu mai ƙaramin wuya na ɗebo ruwa ne daga kogi ko rijiya, randa ta ajiya, kwatarniya ta jiƙo da wanki, talle na miya, madambaci mai huje-huje na dambu, tanda ta masa, shantali na alwala, kasko na turare da garwashin mai jego, asusu na tara kuɗi, indararo na zubar da ruwan soro. A ƙasashen Sahel mata kan jefa saiwar jema a randa don ruwa ya yi ƙamshi, jema kuwa a fadamar Kwara take fitowa.

Sai dai akwai abin lura game da sha. A wannan ƙasa yumɓu ajiya yake yi da dafuwa da sanyayawa, amma abin da ke kaiwa baki ɗan duma ne: moɗa a kan randa, ƙwarya da ludayi ga fura da nono, ƙoƙo ga kunu. Haka abin yake har ga giya. Masarautun Bargu, wato Busa da Nikki da Illo, waɗanda labarin gargajiya ya danganta kafuwarsu da Kisra, sun daɗe a kan addinin gargajiya, kuma jihadin 1804 bai haɗiye su gaba ɗaya ba, ko da yake Gwandu ta matsa wa Illo lamba. A cikinsu, kamar a wurin Maguzawa, burkutu na jar dawa abin biki ne da gayya da tsafi. Mata ke tsirar da dawar, su niƙa, su dafa a manyan tukwanen da suka fi kowace tukunya girma a gari, su bar ta ta tashi, amma a ƙwarya ake miƙa ta. Yaɗuwar Musulunci, wanda ya haramta giya, ta rage wannan reshe na sana'ar sannu a hankali, kuma faɗaɗa aiki da shari'a a Kebbi daga 2000 ya ƙara ture shi gefe. Tulu da randa da shantali kuwa Musulunci ƙara musu kasuwa ya yi, don babu masallaci ko makarantar allo da za ta zauna ba ruwa.

Tukunya kaya ce mai nauyi, mai saurin fashewa, mai arha, saboda haka fatake ba su ɗauke ta zuwa nesa ba. Amma fatauci bai yiwu sai da ita. Ayarin goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato da Jega zuwa Gwanja a ƙarni na 19 yakan ƙetare Kwara a mashigai irin na Illo, ya ratsa Bargu zuwa Salaga, kuma kowane zango sai da randuna da tukwanen tuwo na ɗaruruwan mutane. A kwarin Foga, arewa da Gaya, wanda Heinrich Barth ya ratsa a 1853 a hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, a tukwanen ƙasa ake dafa ruwan da aka tace daga ƙasa mai gishiri har ya daskare. Inda tukunya ta yi tafiya, a kwalekwale ta yi, an yi mata shimfiɗa da ciyawa, daga kasuwar wannan gaɓa zuwa ta waccan.

Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar da ta raba Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila. An sa iyakar ta taɓa kogi mil goma sama da Giris, mashigin Illo. A farkon ƙarni na 20 kuma Turawa suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da masarautar Gwandu. Layin ya raba haraji da harshen makaranta da kuɗin kashewa, amma aure da cin kasuwa sun ci gaba tsakanin Lolo da Madekali, tsakanin Tsamiya da Segbana, kuma da aure ginin tukwane ke tafiya.

Abin da ya girgiza sana'ar kayan kanti ne. Kwanon sha da langa da fanteka masu fenti sun shigo zamanin Turawa, suka zama abin jere a ɗakin amarya. Tukunyar alminiyam da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarfe ta karɓe murhu. Daga baya roba ta zo da bokiti da buta da jarka, sai kuma ruwan leda.

A cikin wannan zamani ne wata igiya ta haɗa arewacin Nijeriya da Japan, ta hanyar da ba a zata ba. Bernard Leach, Bature ɗan Ingila da ya koyi gini a Japan, ya koma gida a 1920 tare da abokinsa Shoji Hamada suka kafa maginar St Ives. Almajirinsa na farko, Michael Cardew, shi gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka a 1950 don ya duba ginin tukwane a Nijeriya, ya kuma buɗe cibiyar koyarwa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata Bagwariya, Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko. Ta kai aikinta Landan da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Amma tulunan da ta yi a cibiyar an toya su da wuta mai tsanani an shafe su da ƙyalli, suka yi nauyi, suka daina sanyaya ruwa, suka koma kayan kallo. Cardew da kansa ya yaba wa ginin gargajiya, yana ganin ya dace ƙwarai da aikin da ake yin sa dominsa.

Japan ta bi wata hanya dabam da tata tukunyar marar ƙyalli. A Imbe, cikin garin Bizen na lardin Okayama, an fi shekara 800 ana gina tukwane ba tare da shafa musu komai ba. Bizen na cikin tsofaffin matoya shida da Japanawa ke alfahari da su, tare da Shigaraki da Tamba da Tokoname da Echizen da Seto. Yumɓunta daga ƙarƙashin gonakin shinkafa ake haƙo shi, kamar yadda na Bagudo ke fitowa daga fadama. Da farko kayan talaka ake yi, randunan hatsi da ruwa da turamen niƙa, sai a ƙarni na 16 malaman bikin shan shayi suka ga kyau a cikin wannan kaushi suka shigar da shi zauren manya. Toyinsu ya bambanta da na bakin Kwara: doguwar matoya ce rufaffiya a jikin tudu, ana ciyar da ita da itacen wata bishiya mai suna akamatsu dare da rana har kwana 10 zuwa 14, zafi ya haura digiri 1,200, yumɓu ya ƙanƙame kamar dutse ya daina tsattsafo. Tabon da wuta ta bari shi ne adon, kowane da sunansa. Inda toka ta sauka ta narke ɗigo-ɗigo suna kiransa goma, wato riɗi a harshensu. Inda aka naɗe tukunya da karan shinkafa ya bar jajayen layuka, hidasuki ke nan.

Daga cikin abin da Bizen ta yi suna da shi akwai kayan zuba sake, giyar shinkafa ta Japan: tokkuri, ɗan tulu mai siririn wuya da ke cika tafin hannu, da guinomi, ɗan ƙoƙon yumɓu da ake kurɓa a ciki. Musulmi ba shi da hulɗa da abin da ke cikin ƙoƙon, amma akwai abin dubawa a ƙoƙon kansa. Da yake a Japan yumɓu ne ke kaiwa baki, mai sha yana riƙe shi, yana juya shi, yana duban tabon wutarsa, yana tambayar wanda ya gina. A bakin Kwara ƙwarya ce ta sami wannan gata, ita ake yi wa zane ana jerawa, randa kuwa tana lungu a inuwa, ana shan ruwanta ba a duban jikinta.

Bizen ma ta kusa mutuwa. Da tangaran mai arha ya cika Japan a ƙarni na 19, maginanta suka koma yin bututun magudana da tubali. Kaneshige Toyo, wanda aka haifa a 1896, shi ya koma ya binciko yadda magabata ke haɗa yumɓu da jera kaya a matoya, kuma a 1956 gwamnati ta sa shi cikin gwanayen da doka ke ɗauka a matsayin dukiyar ƙasa mai rai. Yau maginin Bizen na buga hatiminsa a gindin abin da ya gina, kuma duk watan Oktoba ana bikin tukwane a Imbe.

A kasuwannin Bagudo da Illo da Ka'oje har yanzu ana kasa tulu da randa da tanda da kasko, domin roba ba ta sanyaya ruwa, masa kuma a tandar ƙasa ta fi daɗi. Amma kuɗin da ake biya bai kai wahalar haƙa da daka da neman makamashi ba, kuma gwanar da ta yi shekara 40 tana gini ba a san sunanta ba bayan kasuwar garinsu. Wannan rashin adalci ne ga sana'ar da tsingaron Birnin Lafiya ya nuna ta haura shekara 1,500 a wannan kwari. Ya kamata gidan tarihi na Kanta da ke Argungu da jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero su aika ɗalibai garuruwan bakin iyaka, su rubuta sunan kowace maginiya da wadda ta koya mata da ramin da take haƙar yumɓu, su ɗauki hoton hannunta yana aiki, su sayi tukunya ɗaya daga kowane iri da farashin da ya dace, tun tsofaffin da suka iya suna raye.